Abba Ya Yi Tafiya

Jama'a, yau da haushi na zo, don haka duk wadda ta san wa'azi za ta yi min a ƙasan rubutun nan, ta adana abinta tukuna. Musamman ke da kika rubuto cewa girman kai ne ke hana masu karatun likita aure. Na gode, Allah ya saka. Gyara zama ki ji inda girman kan ya kai ni.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu: ni ɗalibar likitanci ce, ina matakin nan da a gida ake ce miki Likita, a asibiti kuma ko kujera ba a ba ki. Akwai mai nemana, muna ce masa Injiniya, aikinsa haɗa wa mutane wutar sola a kan rufi. Dogo ne, baƙi, mai yawan shiru, kullum da sabon tabon wayar wuta a bayan hannunsa. Ina son shi, na faɗa, ba zan tsaya kwana-kwana ba. Abin da ya rage kawai manyansa su zo su ga Babanmu. An sa rana an ɗaga, an sake sawa an sake ɗagawa, kuma dalilin bai canza ba: wai Abbansa ya yi tafiya.

Ranar Talata da safe ina gaban madubi ina kokawa da mayafina ruwan toka, wanda ba ya zama a kai sai an roƙe shi, farar rigar asibiti na rataye a jikin ƙofa na sha mata guga, sai ga Umma da bokitin wanki a hannu.

"Likita, ina maƙalan shanyata?"

Tana nufin 'yan robobin nan da ake maƙale wanki da su a igiya. Na yi kamar ban ji ba.

"Da ke nake. Dozin na saya, yanzu ko na shanya ɗankwali babu. Aljanun gidan nan wanki suke yi ne?"

Ba ta jira amsa ba, ta zura hannu a aljihun farar rigata, ta zaro su cike da tafi, ja da kore da shuɗi. Ta dube su, ta dube ni.

"Da wannan ake yi wa mutane tiyata yanzu?"

"Umma, labulen asibiti ne ba ya haɗuwa. Zan saya miki wasu."

"Haka kika ce wancan watan."

Daga falo muryar Gwaggo ta taso. Gwaggo yayar Babanmu ce, ta zo mana kwana biyu ganin likitan ido, har yau kwana biyun ba su cika ba. Idon ya warke, bakin ne dai babu likitan da ya isa.

"Ku bar zancen roba, ku yi zancen da ya dami mutane! Wace irin tafiya ce wannan da ba a dawowa? Wanda ya je aikin Hajji ma yana dawowa. Ruwa ba ya tsami banza, ni dai na faɗa. Mutanen nan raina mu suka yi."

Na fito da jakata ina addu'ar in kai ƙofa lafiya. Baba na zaune a kujerarsa da kofin shayi, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya kurɓi shayi, sannan ya ce ba tare da ya ɗaga murya ba:

"Ki faɗa wa yaron nan, ranar Asabar ina gida. In sun zo, madalla. In ba su zo ba, a bar maganar. Ba zan sake tara 'yan'uwana su zauna suna kallon ƙofa ba."

Da Gwaggo ce ta faɗa, da ko a jikina. Amma Baba ba ya magana biyu.

A cikin motar haya, a matse tsakanin wata mata mai kwandon kaya da taga, na ciro waya.

Ni: Baba ya ce Asabar, ko a bar maganar.

Shi: Innalillahi. Wallahi ni ma na rasa gane kan Abba. Baffa ya ce yana wajen wani abokinsa, sabis ba kyau. In na samu ya ɗauka sai ya ce "ina nan tafe", ya kashe.

Ni: To ka je ka ɗauko shi mana.

Shi: Abba ake ɗaukowa? Lallai ba ki san shi ba.

Na ɗan san shi. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ranar da ƙanwar Injiniya ta haihu na je barka. Tsohon shugaban makaranta ne, irin mutanen da in sun shigo ɗaki kowa sai ya gyara zama ko bai yi laifi ba. Kayansa fari ƙal, hula a daidaice, tabarau a kan karan hanci. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke ce mai karatun likitan? To, a dage." Shi ke nan hirar. Injiniya ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin kan mahaifinsa babu hula ba, ko a tsakar gida, ko da zafi ya kai inda ya kai.

Bari in ɗan yi muku bayanin maƙalan shanya, don kada ku ɗauka sata ce ta kama ni da girmana. A asibitin da muke koyon aiki, in babban likita zai zagaya duba marasa lafiya, mu ɗalibai mukan bi shi a baya kamar 'yan tsaki, mu cika gefen gado. A yaye wa mutum zane, a nuna, a latsa, a yi ta turanci a kansa kamar ba ya wurin. Wani ma ko sunansa ba a kira, sai dai a ce "mai hantar nan" ko "na gadon ƙarshe". Bara wata baiwar Allah, sa'ar Ummana, ta fashe da kuka bayan mun watse, ta ce da ta san haka za a yi mata da ta mutu a ɗakinta. Daga ranar ƙawata, wadda muke ce wa Shugaba, ta tara mu 'yan kaɗan muka yi wa juna alkawari: ba za mu taɓa kowa ba sai mun gaishe shi, mun faɗa masa mu ɗalibai ne, mun nemi izininsa, mun ja labule. In ya ce a'a, a'a ɗin ce. Wayar da aka ɗaga don ɗaukar hoto kuwa, Shugaba da kanta take sauke ta. Sauran 'yan ajinmu suka sa mana suna 'Yan Labule don tsokana, mu kuma muka karɓe sunan. Matsalar ita ce labulayen sun tsufa, ka ja nan can ya buɗe. Shi ya sa wankin Umma yake faɗowa ƙasa.

Ranar Talatar nan ce ranarmu ta farko a ɗakin maza masu jiran tiyata, ƙarƙashin Farfesa. A bayan idonsa Aradu muke ce masa. Gaskiya ɗaya ce, hannunsa akwai albarka, mutanen da ya ceto ba su ƙirguwa. Amma shi a wurinsa mara lafiya shafin littafi ne, buɗewa ake yi a karanta.

Muka bi gado-gado har muka kai na lungu, kusa da taga. Mutumin da ke kai ya lulluɓa har wuya, ya ɗora ƙaramin tawul a fuska kamar mai barci. Ciwon da ya kawo shi kuwa, ku yi haƙuri, ba za ku ji shi a bakina ba, kada ma wata ta biyo ni akwatin saƙo. Ku dai sani irin lalurar da dattijo zai gwammace ya yi shekara yana cije baki da ya faɗa wa 'ya'yansa.

"Ku matso," in ji Farfesa. "Wannan ba kullum za ku gan shi ba."

Kafin Shugaba ta buɗe baki, ya fizge mayafin gadon gaba ɗaya. Mutumin ya zabura ya kai hannu biyu zai kare jikinsa, tawul ɗin ya zame ya faɗi ƙasa. Kai babu hula, furfura a kwance, fuska babu tabarau. Idonsa ya zagaya kanmu ɗaya bayan ɗaya, ya zo kaina ya tsaya.

Jama'a, Abba ne. Abban da ya yi tafiya.

Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Na sunkuyar da kai, amma aikin gama ya gama, na gan shi, ya ga na gan shi. Kuma da yake ranar ba tawa ba ce, cikin duk taron nan Farfesa bai ga kowa ba sai ni.

"Ke mai mayafi ruwan toka. Zo ki duba ki faɗa mana abin da kika samu."

Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni ba. Na ɗauki mayafin gadon na mayar masa har kafaɗa. Na ja labule ta dama, na ja ta hagu, na laluba aljihu na sami maƙali guda biyu da suka tsere wa Umma, na haɗe bakin. Na tsaya a gefen gadon ina kallon bango, na yi magana kamar yau na fara ganinsa a duniya.

"Ranka ya daɗe, ni ɗaliba ce. Ka yarda ɗalibai su duba ka? Kana da ikon cewa a'a, kuma ba zai hana a yi maka aiki ba."

Da muryarsa ta fito, ba irin wadda na sani ba ce.

"A'a."

Na fito na maida labulen na rufe. "Ranka ya daɗe, mara lafiya bai amince da ɗalibai ba."

Ɗakin ya yi tsit, har wanda ke tari a gadon farko ya dakata. Farfesa ya cire tabarau ya dube ni tun daga mayafi har takalmi.

"Nan asibitin koyarwa ne, ba ɗakin amarya ba. A jikin wa za ki koyi aikin? A jikin filo?"

"A jikin wanda ya yarda, ranka ya daɗe."

Wallahi ban shirya faɗa ba, fitowa kawai ta yi. Wani a bayana ya ja numfashi.

"Fita. Kada in sake ganinki a zagayena sai kin koyi magana."

Na fita. Shugaba ta biyo ni, sai wasu 'yan ƙalilan, sauran kuma suka tsaya nazarin takalmansu. Daga baranda na hango Farfesa ya tsaya jim, sannan ya ɗaga labulen ya shiga shi da Sista mai kula da ɗakin kawai, ya bar ɗalibai a waje. Shugaba ta matse min hannu tana cewa, "Kin ga? Kin ga? Yau mun ci!" Ni kuwa ko murmushi na kasa yi. Ta ɗauka tsoron Aradu ne, na bar ta a haka.

Bayan azahar Sista ta same ni a bakin ɗakin karatu. "Dattijon gadon lungu yana son ganinki."

Na tarar ya sa hula, ya sa tabarau, ya jingina da filo, labule a rufe da maƙalan Umma. Na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni ba, taga yake kallo.

"Babu wanda ya san ina nan sai ƙanina. Ko uwar yaran ba ta sani ba. Jibi za a yi aikin, in na warware in koma gida kamar na dawo daga tafiya."

"Allah ya ba da lafiya, Abba."

Na ga kalmar "Abba" ta soke shi, har ya runtse ido.

"Ki rufa min asiri. Kada yaron nan ya ji. Kada kowa ya ji."

"Ko ba ka roƙa ba, haƙƙinka ne. Ba zai fito daga bakina ba."

Na so in ƙara da cewa, Abba, ga fa abin da Babanmu ya ce game da Asabar. Maganar ta zo har maƙogwaro. Amma ina zan kai wa mutumin da ke jiran wuƙa zancen aurena? Na haɗiye.

"Je ki," ya ce. Har na fita bai juyo ba.

To, daga nan aka shiga kwanakin da ba zan so wa maƙiyina ba. A gida Gwaggo ta buɗe sabon babi. Ranar Laraba ta ce ta ji ƙishin-ƙishin sun samo wa Injiniya 'yar masu kuɗi. Ranar Alhamis ta ce a'a, uban ne ba ya son mace mai aikin kwana a asibiti, dama ita ta faɗa tun farko, karatun nan sai ya jawo magana. Tana zaune tana shafa man zafi a gwiwa tana zuba, ni ina gefe ina ninke kaya, amsar duk tambayoyinta na cikin bakina kamar garwashi. A daidai lokacin da take cewa "mutumin banza, yana can yana yawonsa", ni na san yana ɗakin tiyata. Jimla ɗaya ta isa ta kashe wutar nan. In ce, Baba, bawan Allahn nan yana kwance a asibiti. Na san Babanmu, da ya sa takalmi ya tafi dubiya a ranar, ya ce a ɗaga Asabar har sai ya warke. Wato dai daidai abin da Abba yake gudu.

Umma ce ta ritsa ni a kicin ina wanke kofunan da na riga na wanke.

"Ke, dube ni. Tun Talata ba kya cin abinci. Kin san wani abu game da mutanen nan?"

"Umma, gajiya ce."

"Ni na haife ki fa. In kina ƙarya kunnenki na hagu kike taɓawa."

Na sauke hannuna daga kunne. "Akwai abin da ba nawa ba ne, balle in bayar."

"To, Allah ya sa wanda kike riƙe wa ya san nauyin abin da ya ɗora miki." Ta ɗauki tire ta fita.

Ni ma a wautata haka na zata. Na ce ai dattijo ne mai hankali, ya ga abin da na yi, har korata aka yi saboda shi. In ya farfaɗo zai kira Baffa ya ce ka je ka wakilce ni, ko ya ɗaga waya ya ba Babanmu haƙuri da bakinsa. Na ji a wurin Sista cewa aiki ya yi kyau, har ya fara shan ruwa. Na yi hamdala, na dawo gida na ciro doguwar rigata mai ruwan zuma na goge, na rataye. Kada ku yi min dariya, wadda ba ta taɓa goge kayan ranar da ba ta da tabbas ba ta ɗaga hannu.

Ranar Juma'a bayan la'asar saƙo ya shigo.

Shi: Ina ƙofar gida. Ki fito don Allah.

Ni: Ka shigo mana, Baba na nan.

Shi: A'a. Ki fito.

Na yafa mayafi na fita da silifas. Yana jingine da motar aikinsa, tsani a ɗaure a sama, rigarsa duk ƙurar rufi. Bai yi min murmushin nan nasa na gefen baki ba. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba.

"Abba ya kira ni ɗazu."

"Alhamdulillahi. Me ya ce?"

"Ya ce in haƙura da ke."

Na ɗauka kunnena ne. "Ya ce me?"

"Ya ce ke yarinyar kirki ce, 'yar mutunci, babu abin da zai ce a kanki sai alheri. Amma ba zai iya zama da ke a matsayin suruka ba. Na ce Abba me ta yi? Ya ce ba ta yi komai ba. Na ce to mene ne? Ya ce in dai shi ya haife ni, kada in sake tambaya." Ya shafa fuska da hannu biyu. "Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Kamar mai shirin kuka. Abba fa!"

Na gane nan take, kuma ganewar ta fi rashin sanin ciwo. Ba zai iya ba ne kawai. Ba zai iya zama a falonsa da hularsa da tabaraunsa, in shigo in durƙusa in miƙa masa ruwa, alhali ya san abin da idona ya gani ba. Na rufe shi daga idon mutum ashirin, amma nawa idon ya riga ya yi laifin da ba a yafewa. Haushi ya turnuƙe ni, na rasa wa zan ji wa: Farfesa da ya fizge mayafi, ko tsohon da ya zaɓi kunyarsa a kan ɗansa, ko ni da na ƙi zama a layin baya ranar.

"Mutumin da sau ɗaya ya taɓa ganinki," in ji Injiniya, yana kallona. "Ko ba sau ɗaya ba ne? Kun haɗu a wani waje? Wani ya kai masa magana a kanki?"

Na sunkuyar da kai ina kallon silifas ɗina.

"Ki taimake ni. Ki ce wallahi ba ki san dalili ba, ni kuma in tsaya a kan ƙafata, ko zai yi fushi da ni shekara. Gobe in ɗauko Baffa da kaina mu zo. Kalma ɗaya nake so."

Gaba kura, baya sayaki. In rantse, na yi ƙarya da sunan Allah. In faɗa, na tona wanda ya ce in rufa masa. Ko "je ka tambayi Baffa" na ce, na buɗe ƙofar da aka ba ni amanar makullinta. Na buɗe baki na rufe. Hawaye suka zubo, su ma ba su taimake ni da komai ba.

Ya daɗe yana jira, Allah ya sani ya jira. Sannan ya gyaɗa kai a hankali.

"Ashe akwai abin."

"Ba irin wanda kake tunani ba ne."

"To wane iri ne?"

Na kau da kai. Ya buɗe mota ya shiga, ya tayar, ya tafi a hankali, tsanin na ƙara a sama har ya sha kwana.

Ina tsaye a wurin da silifas ɗina na ji an turo ƙofar gida. Gwaggo ce, da man zafinta a hannu, Baba na tsaye a bayanta da carbi.

"To, Likita, me ya ce? Goben suna zuwa, ko in faɗa wa mutane kada su wahalar da kansu?"

Ke mai zancen girman kai, ga fili ga mai doki. Zo ki ba ta amsa.